Sau uku ina isa ƙofar Duktur ina juyowa, ku ba ni shawara

Abu Hafsa (Madina): Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da yayyena na wannan zaure, na daɗe ina jan ƙafa kafin in kawo maganar nan. Ina shekara ta biyu a kulliyar Shari'a. Ranar Talata aka ba mu sakamakon jarrabawar tsakiyar zango ta Usulul Fiƙhi, na samu 9 cikin 20. Tunda nake karatu ban taɓa ganin irin wannan maki a takardata ba, ko a Nahawu da kowa ke tsoro. Kuma ba zaluntata aka yi ba, babin ƙiyasi ne ya shige mini duhu. Duktur ɗin mutumin kirki ne a iya ganina, sai dai in bayani ya ɗauki zafi yakan zame daga fusha, wato daidaitaccen Larabci, ya koma harshen garinsu, in ta jin "wesh" da "ya'ani kiza", kafin ya dawo an wuce wurin.

Sau uku ina zuwa ofishinsa. Na farko ƙofa a kulle. Na biyu na same shi da baƙo suna shan gahawa, na yi sallama, ya ce "tafaddal", sai na ji bakina ya ce gaisuwa ce kawai ta kawo ni, na fito. Na uku ko ƙwanƙwasawa ban yi ba. Daga baya na karɓi lambarsa wurin wakilin ajinmu na tura masa saƙo ta WhatsApp wajen ƙarfe 11 na dare. Ya karanta. Yau kwana huɗu shiru.

Yanzu ya zan yi? In nemi wani babba ya kai ni? Akwai zuma da kilishi da wani ɗan Umara ya kawo mini daga gida, na yi tunanin in kai masa tsaraba ko a samu fuska.

Ustaz Nura (Makka): Wa alaikumus salam. Kafin komai ajiye kilishin nan, akwai masu buƙatarsa a zauren nan. Me ka rubuta a saƙon?

Abu Hafsa (Madina): Sallama, da addu'a mai tsawo, sai na ce ni ɗalibinsa ne ina neman taimakonsa. Na sa sunana. Ban faɗi darasin ba, ban faɗi shu'ubarmu, wato rukunin ajinmu, ba.

Ustaz Nura (Makka): To me zai amsa? Sa kanka a kujerarsa. Yana koyar da shu'uba uku ko huɗu, ga ɗaliban majistir (digiri na biyu) da yake duba musu risala, wato kundin bincike, ga zaman majalisar sashe. Sai saƙo ya shigo tsakar dare daga lambar da bai sani ba, kwana ɗaya bayan an raba maki, ana "neman taimako". Ko ni ne zan ɗauka roƙon ƙarin maki ne, domin irin saƙon da ke cika wayoyinsu ke nan bayan kowace jarrabawa.

Koma ka duba jikin ƙofarsa. Yawanci akwai jadawali a manne, da sa'o'in da ya ware wa ɗalibai, waɗanda ake kira sa'at maktabiyya. In babu a ƙofa, to yana cikin takardar bayanin darasi da ake ɗorawa a Blackboard, shafin darussan jami'a na intanet, makon farko, wadda ba mai buɗewa cikinmu. Ranar da ka tarar a kulle ina kyautata zaton yana aji ne. Waɗannan sa'o'i haƙƙinka ne, cikin aikinsa suke, ba alfarma zai yi maka ba.

Baba Alhaji Idi (Jidda): Nura ɗana, kalmar nan ta haƙƙi ta tsaya mini a wuya. Shekarata 31 a Jidda ina ɗinki, ban shiga jami'a ba, amma kafin in baro gida na zauna zauren malam shekara tara, daga Ahalari har Risala. Mu muke share zauren, mu shimfiɗa buzu, mu ɗebo ruwan alwala. In malam bai fito ba sai mu zauna, in rana ta yi zafi mu watse, gobe mu dawo. Ba wanda ya taɓa cewa yana da haƙƙi a kan malam. Abdullahi ɗan Abbas, ɗan baffan Manzon Allah (SAW), yakan je ƙofar sahabi don hadisi ɗaya, ya tarar yana ƙailula, ya yi matashi da mayafinsa a bakin ƙofa iska na watsa masa ƙura har mai gida ya fito. Kunyar da yaron nan ya ji tarbiyya ce, kada ku kankare masa ita. Kuma zuma ba cin hanci ba ce. Wa yake zuwa gaban malami hannu rabbana?

Ummu Ammar (Riyad): Baba, Allah ya ƙara girma. Amma a ƙarasa labarin. Da mai gidan ya fito, Ibn Abbas tambayarsa ya yi. Bai ce gaisuwa ce ta kawo shi ba.

Kabiru (Madina): Hajiya ta gama da kai Abu Hafsa.

Baba Alhaji Idi (Jidda): Na karɓi wannan, 'yata. Amma maganar zuma tana nan.

Ustaz Nura (Makka): Allah ya gafarta Baba, ba ladabi nake yaƙa ba. Bambancin shi ne malamin zaure ba ya riƙe da jan biro. Ba ya cin da kai, ba ya kayar da kai, ba gwamnati ke biyansa ba, abin da almajirai da mutanen unguwa suka kawo da shi yake ci. Shi kuwa Duktur ma'aikaci ne, kuma makin yaron nan 80 na hannunsa har yanzu. Baba ya fi ni sanin ƙissar Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓo zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah (SAW) ya hau mimbari ya ce me ya hana shi zama a gidan ubansa da uwarsa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Abu Hafsa da kansa ya faɗi niyyarsa: ko a samu fuska. Da ya ci 19 cikin 20 da zumar nan tana cikin shayinsa.

Ɗan Makka: Ni a nan aka haife ni, kakana ne ya zo da ƙafa ta Sudan, kuma ina koyarwa a makarantar gwamnati, don haka bari in faɗa muku yadda abin yake daga wancan ɓangaren teburin. Ma'aikaci a ƙasar nan yana tsoron kyauta daga wanda ke da buƙata a hannunsa, akwai doka, akwai hukumar Nazaha mai yaƙi da cin hanci, kuma ba ka san wanda ke wucewa ta bakin ƙofa ba. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne ya mayar maka da ledarka cikin murmushi, ka fito da kunyar da ta fi ta farko. Batun nemo babba ya kai ka kuwa, sunansa wasɗa a nan, kuma ana yin ta ne in ana son a tsallake layi. Kai tambayar karatu za ka yi, me ya kai ka neman ɗan rakiya? Da ya ga an rako ka zai fara tunanin wata babbar buƙata ce.

Sai abu ɗaya da nake gani wurin 'yan'uwanmu masu zuwa daga Najeriya da Nijar: durƙuso. Don Allah kada ka durƙusa, kada ka cire takalmi a ƙofar ofis. Su abin yana takura su, wani ma zai ɗaga ka ya yi maka nasiha a kai. Yi sallama, ba shi hannu, ka ce "ahsanallahu ilaikum ya Duktur", in ya nuna kujera ka zauna. Kuma ka ɗaga kai ka dube shi in yana magana. Sunkuyar da kai da muke ɗauka ladabi, shi yana iya ɗauka ba ka fahimta ba ne ko ba ka saurare.

Harshen garinsu kuma, roƙe shi kai tsaye ya maimaita da fusha. Ba zai ji haushi ba, sau da yawa bai ma san ya zame ba.

Usman Mai Wurno (Jidda): Ni dai ban yarda WhatsApp laifi ba ne. A Khartum na yi karatu. Can in kana neman ustaz, je ka wurin mai shayi a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, za ka same shi a kan ɗan kujera da kofin jabana, gahawar Sudan, ku tattauna babi guda kafin ya tashi, kuma shi zai rantse sai ya biya kuɗin shayin. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ina tsakiyar babi na uku na risalata. Ni na fita ta Bur Sudan, mushrifina, malamin da ke duba mini risalar, ya bi ta Masar. Da saƙon murya muka ƙarasa aikin, shi a Alƙahira ni a nan, wani lokaci ƙarfe ɗayan dare. Da na tsaya jiran sa'ar ofis da har yau ina jira, ofishin ma babu shi.

Ummu Ammar (Riyad): Yaya Usman, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Amma shi mushrifinka da hannunsa ya ba ka lambar, ko ba haka ba? Kuma ya san ka shekara da shekaru. Shi wannan ta bayan gida ya samo ta.

Usman Mai Wurno (Jidda): Haka ne, shi ya ba ni. To amma kada ku sa yaro ya ɗauka ya yi wani babban zunubi. Saƙo ne, an yi shiru, shi ke nan.

Ummu Ammar (Riyad): A nan mun haɗu. Kada ma ya tayar da maganar in ya je.

Ku maza kuna da ƙofar da za ku tsaya ku ji kunya. Mu da malami namiji ke koyar da mu ta allon talabijin da makirufo, ƙofa ma babu. A shekarata ta farko ta majistir na yi wata biyu ina fama da tsarin bincikena, ban san yadda zan isa ga malamin ba, sai wata 'yar Indunusiya ta koya mini rubuta imel. Ga abin da na koya, Abu Hafsa, ko zai yi maka amfani. Da imel ɗin jami'a za ka tura, ba naka na gida ba, don nan take ya ga sunanka da lambarka ta ɗalibta. A kan saƙon ka sa sunan darasi da lambar shu'uba. Sallama layi ɗaya ta isa, addu'ar nan mai tsawo bar ta a ƙarshe ka taƙaita. Sai ka faɗi babin, da shafin, da abin da kai ka fahimta, da daidai inda ka tsaya. Wannan na ukun shi ne ruhin saƙon, domin malami yana son ya ga ka yi gumi kafin ka zo. Ka rufe da cewa za ka zo ranar kaza a sa'arsa ta ofis in ya dace. Ka tura tsakanin Lahadi da Alhamis da rana, kada ka tura daren Alhamis ka kwana Juma'a da Asabar kana duba waya.

Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Ni da wannan na riƙa ƙarfafa kaina duk sanda zan danna makirufo a gaban mata talatin da Larabcina mai karyewa.

Kabiru (Madina): Ni fa ban ga dalilin wahalar nan ba. Ajinmu ɗaya da Abu Hafsa, ni ma ba wani abin kirki na ci ba, amma ba zan je ofishin kowa ba. Ga darussan manyan malamai cike da YouTube, ga muzakkira, taƙaitattun bayanan darasi da 'yan shekara ta huɗu suka bari, ga Shamila, manhajar littattafan addini, a kwamfuta. Kuma mu faɗi gaskiya, rabin masu sintiri a ofisoshin nan fadanci ne, so suke a san fuskarsu.

Ustaz Nura (Makka): Kabiru, malamin YouTube ba shi zai fitar da tambayoyin ƙarshen zango ba, kuma ba zai duba takardar Abu Hafsa ya ce ga inda ka kauce ba. Muzakkira kuwa na ga wadda kuskure ɗaya ya yi shekara biyar yana yawo a cikinta daga hannu zuwa hannu. Sanin fuska ma da kake rainawa, bari ka gama ka zo neman majistir a ce kawo tazkiyya, takardar shaidar cancanta, daga malaman da suka koyar da kai. Ran nan za ka shiga ofis ka ce ni ɗalibinku ne, a dube ka sama da ƙasa.

Kabiru (Madina): Ka gani ko? Ashe dai fadancin ne, an sa masa rawani.

Ustaz Nura (Makka): Bafade yabo yake kaiwa. Wannan jahilcinsa zai kai ya shimfiɗa a tebur. In kana ganin abu ɗaya ne gwada ka ji.

Mai kula da zaure: Kabiru da Ustaz, a sassauta. Abu Hafsa, har yanzu ba ka gaya mana abin da ya shige maka duhu ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Abu Hafsa (Madina): Tanƙihul manaɗi ne. An kawo hadisin mutumin da ya zo ya ce ya halaka, ya sadu da iyalinsa da rana a Ramadan, aka umarce shi da 'yanta bawa, ko azumin wata biyu a jere, ko ciyar da miskinai 60. Aka ce mu fitar da illar kaffara, wato dalilin da ya wajabta ta. Ni tun a gida abin da na sani shi ne duk wanda ya karya azumi da gangan, ko da ci ne ko sha, kaffara ta hau kansa. Haka na rubuta. Sai ga jan layi, maki 1 cikin 5. Littafin da muke karantawa kuma ya tsaya ne a kan jima'i kaɗai. Tun daga nan na rikice, har na fara tunanin ko abin da na karanta a gida kuskure ne.

Baba Alhaji Idi (Jidda): Kuskure? A'uzu billahi. Maganar Imamu Malik ce, kuma kana zaune a garinsa.

Ustaz Nura (Makka): Allahu Akbar. Kana riƙe da irin wannan tambaya ka tsaya aika addu'a ƙarfe 11 na dare? Wannan ita ce tambayar da malamin Usul ke jira duk zango wani ya kawo masa.

Ba ka yi kuskure a hukunci ba, a mazhabarka. Tanƙihi shi ne a ɗauki siffofin da suka zo tare da hukunci a nassi a tankaɗe su, a zubar da waɗanda ba su da tasiri. Kasancewar mutumin baƙauye, an zubar. Kasancewar wannan Ramadan ɗin ne ba wani ba, an zubar. Kasancewar matarsa ce, an zubar. Har nan kowa ya yarda. Shafi'i da Ahmad suka tsaya, suka ce jima'in kansa yana da tasiri, ba a zubar da shi. Malik da Abu Hanifa suka ƙara tankaɗe ɗaya, suka ce abin lura shi ne keta alfarmar azumin Ramadan da gangan, don haka ci da sha ma sun shiga. Littafinku na Hambaliyya ne, shi ya sa. Hasashena, kuma hasashe ne, ka rubuta sakamakon ba ka nuna tankaɗen ba. Amma kada ka tsaya a kan maganata, kai masa takardar. Ka ce ka zo ka fahimci kuskurenka, kalmar maki kada ta fito bakinka.

Kabiru (Madina): Ko kuma ya yi i'itizari, wato ya nemi izini ya ajiye darasin zuwa zango mai zuwa, ya tsira da mu'addalinsa, matsakaicin makinsa na gaba ɗaya.

Ummu Ammar (Riyad): A kan 9 cikin 20? Ci 60 ne cikin 100, ya rasa 11 kacal. Abin da zan ja masa kunne a kai shi ne kada kunya ta sa ya fara gudun ajin, don in rashin halarta ya haura kashi 25 cikin 100 hirmani ne, ko zauren jarrabawa ba zai shiga ba. Na san wadda ta yi haka, tana ɓuya wa malama har ta ɓuya wa jarrabawa. In ma ajiyewar ce, tana da wa'adi, murshidinsa, mai ba shi shawara kan karatu, zai tambaya ba mu ba.

Abu Hafsa (Madina): Na gode ƙwarai. Na duba Blackboard, sa'o'insa Litinin da Laraba ne, 10 zuwa 12. Duk zuwan da na yi ba wanda ya faɗa ciki. Na tura imel yanzu kamar yadda Hajiya ta tsara.

Abu Hafsa (Madina): Salam. Na dawo da labari. Bai amsa imel ɗin ba, amma na tafi yau Litinin ƙarfe 10 da kwata. Ina faɗin sunana ya ce "kai ne mai tanƙihul manaɗi", ashe ya karanta. Akwai ɗalibi ɗaya a gabana, na jira. Ya ciro takardata daga cikin tarin, ya karanta amsar a fili, wallahi kamar ƙasa ta tsage. Ustaz Nura ya canka rabi. Ya ce da na kawo ra'ayin Malikiyya na nuna siffofin da aka zubar ɗaya bayan ɗaya da ya ba ni cikakken maki, don shi ba mazhaba yake gwadawa ba. Ɗaya rabin kuma, na cakuɗa tanƙihi da takhriji a ta'arifi, ban ma lura ba. Ya zana mini su a bayan takarda: in nassi ya zo da siffofi ana tacewa, tanƙihi ne; in nassi ya ba da hukunci bai ambaci illa ba mujtahidi ya haƙo ta, kamar riba a alkama, takhriji ne. Ya tambaye ni me Malikiyya suka ce illar riba a abinci, na ce kasancewarsa abin ci na yau da kullum da ake iya ajiyewa, ya yi murmushi ya ce to ga shi ka sani.

Sau biyu ya zame zuwa harshensu, na biyun na yi ƙarfin hali na roƙe shi fusha, ya yi dariya ya ce in riƙa ɗaga hannu a aji in ya yi haka. Bai ƙara mini ko rabin maki ba. Duka zaman bai kai minti 15 ba. Ya ce binciken zango mai maki 10 in rubuta shi a kan wannan mas'ala, shafi biyar, in kawo maganar kowace mazhaba daga littattafanta ba daga bakin masu yi mata raddi ba. Kuma shi ya ba ni dabino.

Baba Alhaji Idi (Jidda): Alhamdu lillahi. Ka ci dabinonsa, shi bai ci komai naka ba. Ni dai wannan bai kwanta mini ba. In an fitar da sakamakon ƙarshe, ya fita daga hannunsa, ka kai masa zumar nan. Nura, ko nan ma akwai hadisi?

Ustaz Nura (Makka): Babu, Baba, sai dai ya duba jadawali tukuna, kada ya zamana shi ne zai koyar da su Usul na zango mai zuwa.

Abu Hafsa (Madina): Na duba. Shi ne.

Usman Mai Wurno (Jidda): Zuma ba ta lalacewa, ajiye ta har ka gama. Littattafan Malikiyya kuwa ba sai ka saya ba, leƙa ɗakin karatu na Masallacin Annabi bayan La'asar.

Kabiru (Madina): Abu Hafsa, a wane shafi na Blackboard ka ga sa'o'in nan? Ba don ni ba, wani ne ya tambaye ni na malamin Nahawu.